Kujerar Dama

Ku matso kusa, ku kashe wayoyin nan. Labarin Haladu direba zan ba ku.

Haladu mutumin Jega ne. Sana'arsa ɗauko motoci daga Kwatano ya kawo wa dillalai a Arewa. Wasu motocin daga Japan suke zuwa, sitiyarinsu a dama, sai makanikai su ciro shi su mayar hagu irin na hanyoyinmu. Direbobi na kiransu juyayyu. Suna da ƙa'ida a kansu: ba a tafiya da juyayya kujerar dama ba kowa. In babu fasinja a ɗora jaka, ko buhun gari, ko da tsohuwar taya ce. Wai can ne wurin direba na asali, kuma wurin direba ba ya zama wofi.

Yana goge gilashin wata juyayya ƙaninsa ya kira shi. Tabawa, matarsa, ta rasu da safe. Har an kai ta.

Haladu ya yi salati, ya mayar da waya aljihu. Ya ga hannunsa ya ci gaba da goge gilashin. Hawaye bai zo ba. Nomau, wani tsohon direba da ke kusa, ya yi masa ta'aziyya, ya roƙe shi ya bari sai gobe su tafi a jere da sauran motoci. Ya ƙi. Nomau ya tuna masa da kujerar dama, Haladu ya gyaɗa kai. Jakarsa tana but ɗin bayan mota, can ya bar ta.

Abu guda yake tsoro, kuma ba hanya ba ce. Lokacin da mahaifinsa ya rasu, fuskar ta zauna masa amma muryar ta tafi, ya neme ta har ya gaji. Tabawa kuwa ba ta taɓa tura masa saƙon murya ba, ba ta yarda da abin ba. Duk abin da ya rage na muryarta yana cikin kansa. Don haka tun daga Kwatano yake juya ta a rai, kamar mai ɗauke da ruwa a tafin hannu.

Da tafiya ta yi nisa shirun motar ya yi masa yawa, ya kunna rediyo. Ba tasha. Sai waƙoƙin da tsohon mai motar ya bari a ciki. Mace ce ke rerawa a hankali da yarensu, kiɗan kamar ruwa na ɗiga a kwano. Sunayen waƙoƙin suka jeru a ɗan allon rediyon. Bai iya karanta ko ɗaya ba, amma ya lura duk da alama iri guda suka fara, wata 'yar ƙugiya mai jela.

Ya kwana a hanya bai yi barci ba. Washegari ya wuce Kandi rana ta yi ja, daidai lokacin da ake kore yara daga bakin ƙofa. Wani tsoho na tsaye a gefen kwalta, ba kaya, ba sanda. Haladu bai san ya taka birki ba. Ya dai ga motar ta tsaya.

Tsohon ya buɗe ƙofar dama ya shiga. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera bai duba ba, ya ja ta gaba daidai tsawonsa. Ya juya madubi wajensa.

"Sannu da hanya, direba."

"Yauwa, Baba."

Bai tambaye shi inda za shi ba. Suka tafi.

Tsohon ya karkata kai yana sauraro, ya fara karanto sunayen waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, kowane da "Na" ya fara. Ya ce mai motar na farko shi ya tara su. Da haka sunan matarsa ya fara, da ta rasu sai ya bi duk waƙar da ta fara da wannan sautin ya ajiye. Ya ce ya daɗe yana zama da mutumin a motar nan. Haladu ya ji maganar, bai yi mamaki ba. Ba abin da ke ratsa shi tun jiya.

Waƙar ta ƙare. Tsohon ya ce a al'adar matafiya, wanda ya ji waƙa yana ramawa da tasa.

Haladu ya ce bai iya waƙa ba. Sai dai wadda Tabawa ke yi in tana tankaɗe. Ya rera ta da ƙyar, muryarsa a bushe. Tsohon ya lumshe ido. Da Haladu ya gama sai ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki, kamar an sauke masa dutse guda. Ya ji daɗin hakan.

Wata waƙar ta fara, ta ƙare. Haladu ya ba shi yadda Tabawa take amsa sallama daga cikin ɗaki, tana jan ƙarshen. Wata ta ƙare, ya ba shi dariyarta, wadda ke farawa ta hanci. Kowace ya bayar, numfashi ya ƙara yi masa sauƙi. Bishiyoyi suka yi baƙi a gefen hanya. Ba mota a gaba, ba mota a baya.

Wani rami ya taso a tsakiyar kwalta. Kafin Haladu ya ɗaga ƙafa, motar ta rage gudu, ta kauce.

Ya dubi gefe. Hannayen tsohon suna sama, riƙe da iska, daidai inda sitiyari yake a da. Ya dubi ƙasa. Ƙafar tsohon doguwa ce, siririya, ba yatsu, tana danne da daɓen motar, inda birki yake a da. Ta ɗaga, motar ta ƙara gudu.

Haladu ya sassauta hannunsa daga sitiyari. Motar ta ci gaba da tafiya sambal.

"Saura me, direba?"

Bakin tsohon bai motsa ba. Daga lasifikar ƙofa maganar ta fito.

Haladu ya koma cikin kansa ya nemi waƙar tankaɗe. Ya ga Tabawa zaune, rariya a hannu, bakinta na motsi. Ba sauti. Ya nemi sallamar, ya ga labule kawai. Ya nemi dariyar, ya ga haƙoranta. Ya daɗe yana lalube. Can ƙasa ya tarar da abu guda, ɗan ƙarami, da saura sauti a jikinsa.

"Baba, na mai motar fa?"

"Ya ba ni duka. Ya samu sauƙi. Har ƙiba ya yi."

"Ya tuna ta?"

"Ya tuna waƙoƙi."

Waƙar da ke tafiya ta kusa ƙarewa, matar ta fara jan sautin ƙarshe. Haladu ya ce yana son ya yi sallah, magariba na wucewa.  Sannan ƙafar nan ta danna ƙasa, motar ta tsaya.

"In ka sauka, nauyin naka ne," inji lasifikar. "Ba mai karɓa kuma."

Haladu ya buɗe ƙofa. Bai ɗauki jaka ba, bai zare makulli ba. Ya taka ƙasa ya yi gabas, bai waiwaya ba. Ya ji motar ta tashi a bayansa, ta canza giya a tsanake, irin tuƙin wanda ya san abinsa. Waƙar ta yi nisa, ta ɓace.

Ya yi taimama ya yi sallah a kan tsakuwa. Da ya sallame ya zauna. Ya buɗe abin da ya rage masa a hankali. Muryar Tabawa ce a bakin zaure, da ɗan faɗa a ciki: "Malam, ka ci abinci a hanya. Goro ba tuwo ba ne."

Shi ke nan. Ba wata babbar magana ba ce. A nan hawayen ya zo, har wata motar albasa ta tsaya ta ɗauke shi zuwa boda.

Bai sake tuƙi ba. Motar ma ba a sake ganinta ba, kuma duk abin da aka ce masa a kanta bai musa ba. Yanzu yana sayar da lemo a bakin tasha. In an tambaye shi yadda Tabawa ke dariya, sai ya ce kyakkyawa ce, ya sunkuyar da kai. Amma kullum da hantsi za ka gan shi ya tura goro gefe, ya aika a sayo masa tuwo, ya cinye tas, yana kasa kunne.

Ku kuma, in Allah ya kai ku hanyar Kandi da magariba, kada ku bi ta ku kaɗai. In kuma baƙo ya ce ku rama waƙa, ku ce ba ku da ita.