Kafar da Ta Toshe da Bismillah

Kwana shida ke nan Maman Auta tana ɗauke da magana ɗaya a ƙirji, ta kasa haɗiyewa, ta kasa tofarwa. Ta ɓoye guduma da guntun rodi a bayan randa. Kullum da la'asar sai ta je ta dube su, ta dawo ta zauna a bakin ƙofa, hannu a kumatu. Gobe wa'adi zai cika.

Garin nasu ƙarami ne, yana maƙale a gefen babban birni. Ta gabas tsauni, ta yamma fadama, titin kwalta ya tsaga shi biyu. Masu fasa dutse ne suka kafa shi, tun lokacin da babu komai a wurin sai bukkoki da rijiya ɗaya. Da birni ya cika ya batse, sai ma'aikata da direbobi suka riƙa sayen gidaje a nan, su fita da asuba su dawo bayan isha. Jikokin masu fasa dutse suka sa musu suna 'yan kwana. Su kuma suna ce musu 'yan dutse. Masallaci ɗaya, famfo ɗaya, makabarta ɗaya, amma gaisuwa ce kawai ta haɗa su, ita ma ta fatar baki.

Gidan da mijin Maman Auta, direban bas, ya saya shi ne na uku cikin gidaje bakwai da suka jeru daga gindin tsauni zuwa bakin fadama. Tun ranar da suka tare ta lura da wani abu. A gindin katangar gabas akwai kafa, wadda kyanwa za ta wuce a sake. A gindin katangar yamma ma haka, suna kallon juna. In ka durƙusa ka leƙa, sai ka hango ta gidan gaba, da ta gaba da shi, har hasken fadama.

Ta tambaya a famfo. Makullin famfon yana hannun maƙwabciyarta ta yamma, wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo Mai Makulli, wadda kakanta ne ya fara ɗaga guduma a tsaunin. Gwaggo ta dube ta daga ɗankwali har silifa.

"Kafa ce mana. Ko a birnin naku ba a san kafa ba?"

Matan layi suka kwashe da dariya. Maman Auta ta ɗauki jarkarta ta tafi, ba ta ƙara tambaya ba.

Abu ɗaya ne mai daɗi ya taɓa shigowa ta kafar nan. Gwaggo tana da jika, 'yar shekara huɗu, wadda uwarta ta rasu. Auta, 'yar Maman Auta, budurwa mai shekara goma sha bakwai, tana ɗinki a baranda, sai yarinyar ta zuro ɗan hannunta ta kafar yamma tana roƙon ƙyalle na 'yartsanarta. Yarinyar nan kaɗai ce a layin ke ce wa Maman Auta ina kwana da zuciya ɗaya. Sauran abin da ke shigowa kuwa ɓeraye ne da ruwan wanke-wanke. Da suka huda buhun hatsi karo na biyu, Maman Auta ta ce ya isa.

Wata Laraba da hantsi ta kwaɓa ragowar siminti ta durƙusa a katangar yamma. Ta yi bismillah, kamar yadda uwarta ta koya mata a kan kowane aiki, ta cusa bulo ta shafe. Tana ɗagowa ta ga Gwaggo a kan turmi ta leƙo ta saman katanga, tana shanya zani. Tsohuwar ta daɗe tana kallon danyen simintin. Bakinta ya motsa kamar za ta ce wani abu, sai ta yi murmushi.

"Sannu da aiki, magina," in ji ta, ta sauka.

Siminti ya ƙare. Kafin ta je bakin titi ta sayo wani, ta ɗora tukunya, ta sauke, rana ta yi ja. Ana kiran magariba ta toshe kafar gabas. Nan ma ta yi bismillah.

Kwana uku ba a ji komai ba. A na huɗu, da almuru, kaji sun shiga akurki, Auta tana naɗe zare, sai dutse ya daki katangar yamma. Suka ɗaga kai. Na biyu ya biyo. Maman Auta ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon na uku, ta kuma ga abin da ya hana ta barci tun daga ranar: ba daga waje ya faɗo ba. Daga tsakar gidan ya tashi. Ta taɓa shi da yatsa, da ɗumi, kamar yanzu aka fasa shi.

Baban Auta bai yarda ba. Ya ce yaran 'yan dutse ne, so suke a sayar musu da gidan a bar gari. Ya ajiye bas rana guda ya kai ƙara wajen mai unguwa, aka yi cacar baki a zaure, har wani ya ce wanda bai binne kowa a makabartar garin ba bai isa ya ɗaga murya ba. Daga ranar, in Maman Auta ta ajiye jarka a layin famfo sai ta dawo ta tarar an mayar da ita ƙarshe. Masu kawo wa Auta ɗinki suka aiko aka karɓe yadinsu. Wata ta ce a gaban jama'a, 'yan kwana sun zo da abinsu daga birni.

Jifa kuwa bai fasa ba. Kullum tsakanin magariba da isha. Daga baya aka fara jin karta a gindin katanga, ƙar, ƙar, ƙar, a hankali, kamar mai farce ya gaji amma ya ƙi bari.

Sai Auta ta canza. Ta rufe keken ɗinki da zani. Da rana ta karkata sai ta je ta tsuguna a inda kafar take, ta jingina goshi da siminti. Leɓenta ya bushe ya tsage, amma in an miƙa mata kofi sai ta kau da kai. Wata magariba uwar ta tarar da ita tana tonon bulon da hannu, farce biyu sun cire, jini yana bin katanga. Ta riƙe ta. Yarinyar ta juyo da ido jawur, ta ce da muryar da ba tata ba, muryar tsohuwa mai kaushi kamar ana jan tsakuwa a kwano:

"Ƙishi."

Suka je neman taimakon limamin garin, ɗan dutse ne shi ma, ya ce ƙafarsa na ciwo, a dawo jibi. Da jibin ta zo ya ce ciwon ya hau gwiwa. Ƙarshe Baban Auta ya ɗauko wani malami daga garin da ke hayin fadama, dattijo siriri mai ƙaramar murya, ya kawo shi a gaban bas.

Malam ya iso da la'asar sakaliya. Bai tambayi komai ba sai da ya zagaya tsakar gidan, ya tsaya a kan simintin yamma, ya tsaya a kan na gabas. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka lulluɓe Auta, uwar ta riƙe kafaɗunta, uban ya riƙe ƙafafu. Ya fara karatu. Inuwar katanga tana tafiya har ta rufe su. Tsuntsayen bishiyar layi suka yi tsit. Maman Auta tana jin jikin 'yarta yana nauyi a hannunta, yana sanyi, har ta ji kamar dutse ta rungume.

"Ya isa haka, ɗan yaro," in ji muryar. "Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Na girmi kakan kakanka. Ka yi min magana da ladabi."

Malam ya ce ladabi ba ya hana tambaya. Me ya kawo ta gidan mutane, me yarinya ta yi mata?

Muryar ta yi dariya maras daɗi. Ta ce ba ta zo gidan kowa ba, gida ne ya zo kan hanyarta. Tun babu mahaluki a nan ita da danginta suke zaune a tsaunin, suna gangarowa fadama da almuru su sha ruwa, su zagaya ta bayan inda makabarta take yanzu su koma. Masu guduma suka zo suka cinye rabin tsaunin, suka haƙura. Aka shimfiɗa baƙin titi, suka haƙura. Da za a gina gidajen nan bakwai, babban masu guduma ya yi musu alkawari za a bar musu kafa a kowace katanga har jikokin jikoki.

"Ni ce ta baya a tafiya, ƙafata ba ta sauri. Na shigo na tarar gaba a rufe. Na juya, wannan matar tana rufe baya. Kuma da sunan da ba ma iya karyawa." Kan Auta ya juyo ga uwarta. "Randarki ma da shi kike rufewa. Kwana ashirin da ɗaya ina jin ƙamshin ruwa."

Hawaye suka zubo wa Maman Auta. Ta ce wallahi ba ta sani ba, ta tambaya, ba wanda ya faɗa mata.

"Na sani. Shi ya sa 'yarki take numfashi."

Malam ya ce to a buɗe mata gabas ta koma tsauni. Ta ce su ba sa komawa da baya, kuma ba sa komawa da ƙishi. Yamma ko babu. Malam ya ce za a buɗe, amma ta fita daga jikin yarinya yanzu, ta rantse ba za ta taɓa kowa ba. A can masallaci ladan ya fara gyaran murya.

"Na rantse a kan gidan nan," in ji muryar.

"A kan kowa na ce."

"A kan gidan nan. Wadda ke bayan katangar nan ta san alkawarin, a cinyar kakanta ta ji shi. Ta tsaya a kan turmi tana kallo ana rufe ni, don kawai ta ga baƙi sun wulaƙanta. Zan bi ta tsakar gidanta. Akwai ƙaramin hannu a can da na sha gani yana leƙowa."

Malam ya koma karatu da ƙarfi, har gumi ya jiƙa masa hula. Auta ta yi ƙara, ta banƙare, amma muryar ba ta ƙara ko kalma a kan rantsuwarta ba. Abin da ya samu kawai shi ne wa'adi: za ta saki yarinya, ta zauna a kusurwar katanga kwana bakwai. In an buɗe, ta wuce. In ba a buɗe ba, ta koma jikin yarinyar, kuma wannan karon ba da niyyar fita ba. Auta ta yi atishawa uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, da muryarta, "Mama, ruwa." Ta sha kofi huɗu.

A bakin ƙofa Malam ya ce maganar aljani ba abar dogaro ba ce, amma wannan bai ji alamar wasa a bakinta ba. Ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne a sanar da tsohuwar. Bayan ya tafi, Baban Auta ya ce kada ta kuskura. Ya ce ta san halin matar nan. Ranar da ta ji, ranar za ta sa a jera bulo ta ɓangarenta, ta yi bismillah a kai, daga nan ko sun fasa tasu babu hanya. Ya ce a fasa shiru da hantsi, lokacin da take famfo.

"Ita ta faɗa mana ne?" in ji shi.

Maman Auta ta san gaskiya ya faɗa a kan tsohuwar. Jiya ma a famfo Gwaggo ta tambaye ta a gaban mata ko an gama wasan kwaikwayon, ko sai an sayar da tikiti. Sau biyu ta yafa mayafi ta kai har ƙofar gidan, ta ɗaga hannu, ta hango bulon da aka tara a zaurensu, ta juyo.

Auta ta buɗe kekenta, tana ɗinki da yatsu a ɗaure. Jifa ya tsaya. Amma kaji ba sa kiwo a kusurwar yamma, kuma in rana ta yi ja, ƙasar wurin tana lotsawa kaɗan, kamar wani ya gyara zama.

Yau da la'asar Maman Auta tana tsaye a gaban randa, gudumar a hannunta, sai ta ji ana buga simintin daga ɗaya ɓangaren da ɗan ƙaramin dutse.

"Maman Auta," in ji jikar Gwaggo, bakinta a jikin katanga. "Yaushe za ki buɗe? 'Yartsanata ba ta da riga."

Maman Auta ta dubi gudumar da ke hannunta. In ta yi magana, tsohuwa za ta rufe hanya, a koma kan 'yarta. In ta yi shiru ta fasa, ta hau turmin da Gwaggo ta hau ke nan, tana kallo. Rana ɗaya ta rage mata, kuma babu wanda za ta tambaya a garin nan. Ku da kuka ji yadda abin ya faru, don Allah ku faɗa mata: ƙofa za ta buga, ko katanga?