Itacen Wankan Jego

"Wa ya kawo wannan itacen?"

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ci gaba da iza wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka.

"Inna, tambaya nake yi... wa ya kawo shi?"

"Alhaji Dabo ne ya aiko. Sai me?"

Na dafa bango, jaririyata tana goye a bayana.

Duk Gwaram kowa ya san itacen wankan jego haƙƙin miji ne. Ba mai kai wa matar wani, sai wanda yake jiran ranar da za a sake ta. Alhaji Dabo kuwa jira yake yi. Ɗan kwangila ne da kuɗin man fetur suka samu zama a aljihunsa, tun ina budurwa ya neme ni na ce ba na yi.

Ni Zuliha malamar firamare ce, kuma wanda na zaɓa shi ne Badaru, direban babbar mota tsakanin Birnin Kudu da Kano. Baba ne ya ɗaura mana aure kafin ya rasu. Inna kuwa ba ta taɓa haɗiye abin ba, wai direba ba shi da gida sai titi.

Da cikina ya tsufa na zo gida haihuwar fari, kamar yadda ake yi. Aka yi arba'in, gwaggonnin Badaru suka zo ɗaukata.

"Ba ta gama wanka ba," in ji Inna. "Jikinta ɗanye ne."

To wa zai ja da uwa a kan jikin 'yarta? Suka koma. Suka sake dawowa, amsar dai ɗaya. Damina ta shigo ta fita, ni ina nan safe da yamma ana fyaɗa mini ruwan zafi da ganye, ana ɗura mini kunun kanwa. Makaranta ta sa wata a ajina. Shi kuma Badaru, bawan Allah, duk sati sai ya sauke itace a ƙofar gidanmu, ya tsuguna daga zaure ya gai da Inna, ta amsa masa da hanci.

Ni kuwa shiru nake yi, don tun ina yarinya ban san kalmar a'a ba a gaban Inna.

"Tuɓe ki shiga, ruwa na hucewa."

"Ba zan yi wanka da itacen wani ba, Inna. Da aurena."

"Iye! Boko ya fara magana?"

Kafin na amsa sai ga ƙugin motar Badaru a waje, wanda ko a cikin dubu ina gane shi.

Na iske shi a zaure, ya zuba wa tarin itacen nan ido. Yaran unguwa sun riga sun faɗa masa mai shi. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

"Zuliha," ya ce a hankali, "in kin gaji da ni, ki faɗa mini da bakinki. Kada in ji a tasha."

"Haba Direba! Ni?"

"Watanni ina shiga ɗakinki in zauna ni kaɗai... ko labulenki ban taɓa ba. Na ce uwa ce, in na yi haƙuri za ta huce. Amma wannan..."

Hawaye suka zubo mini. Mutumin nan da guminsa yake sayen itacen da ake amfani da shi wajen raba shi da matarsa, bai taɓa cewa uffan ba!

"Rabin raina, kada ka sauke na yau. Jira ni a mota."

"Kada ki saɓa mata saboda ni, hasken idona."

"Ba saɓo zan yi ba. Magana ce da ya kamata in yi tuntuni."

Na koma ciki na durƙusa a gaban Inna.

"Inna, na gama wanka. Yau zan koma ɗakina."

"Ki taka ƙofar nan, ban yafe nonon da kika sha ba!"

Inna lillahi! Wannan kalma ita ce sandar da take kora ni da ita tun tasowata. Amma na tuna fuskar da na bari a zaure.

"Allah ya sani ban ƙi ki ba, Inna. Ke kika haife ni, ke kika tashi da asuba kina dafa mini ruwa, ba zan iya biyanki ba. Amma aurena ba naki ba ne. Duk ƙarshen wata zan zo, cinki da suturarki suna wuyanmu. Abu biyu kawai nake roƙo. Kada aiken Alhaji Dabo ya sake shigowa gidan nan. Kuma duk ranar da aka zagi mijina a gabana, zan tashi in tafi, sai wani watan."

Ta juya fuskarta wajen wuta.

"Malam, babanki, ya tafi ya bar ni," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ke ma ki tafi. Gidan ya zama kango."

A ranar na gane ashe tsoro ne yake cin Innata, ba ƙiyayya ba. Na yi kuka, na riƙe ƙafarta, amma ban fasa ba. Na ɗauki ƙullin kayana na fita.

Badaru ya ja mota har muka wuce gari. Sannan ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, amarya."

"Amarya da goyo?"

"Ni dai yau aka kawo mini ke!"

Kada ku ɗauka shi ke nan komai ya daidaita. Zuwanmu na farko, ko ruwa ban gama sha ba Inna ta fara: "Wannan ɗan tashar..." Na miƙe na saɓa goyona, na ce mata sai wani watan. Har Birnin Kudu ina kuka, Badaru yana rarrashi, shi da aka zaga.

Na biyu ta yi mini gum, gaisuwa kawai. Sai maƙwabta ne suka ba ni labarin yadda ta kori ɗan aiken Alhaji Dabo da muciya.

A zuwa na uku na tarar ta yi tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu har yana kwaranya. Ta karɓi jikarta tana yi mata wasa. Can ta kawar da kai gefe, kamar da bango take magana.

"Shi wancan a rana zai ƙare?"

"Wa, Inna?"

"Ke dai da neman magana! Mijinki mana. Ki ce ya shigo, tuwo na hucewa."

Na fita da gudu har ɗankwalina na faɗuwa. Badaru na jin saƙon ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa.

Ya tsuguna a bakin ɗaki, kansa a ƙasa. Inna ta tura masa kwanon da kanta.

"Ci," ta ce. "Na ga haƙurinka. Allah ya yi maka albarka."

Babban mutum, direban da ba ya tsoron hanya, sai ga shi yana share ido da bakin riga.

Alhamdu lillahi. Na yi zaton sai na rasa ɗaya kafin in riƙe ɗaya, sai Allah ya bar mini uwata, ya bar mini mijina.