Kunnuwan Solvej

Yammacin wata Talata ce cikin kaka, lokacin da rana ke saurin faɗuwa a yammacin Jutland. Vibeke na tsaye a kicin tana feraye dankali. Mijinta Ejnar yana garke wajen tatsa. 'Yarsu Solvej, budurwa 'yar shekara goma sha bakwai, tana yanka baƙin burodi tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Ta taga ana hango doguwar farar fankar nan mai ba da lantarki a ƙarshen gonarsu, tana juya hannuwanta uku ba gajiya.

Sai dutse ya faɗo kan rufi. Ya gangaro a hankali, ya dire bakin ƙofa.

Vibeke ta leƙa, ba ta ga kowa ba. Ba su da maƙwabci kusa. Dutsen kuwa jiƙe yake da baƙar ƙasa, kamar yanzu aka tono shi.

Inda fankar take, da can tudu ne. Tun zamanin kakannin Ejnar ba a sa masa garma, ba a ɗaure dabba a gindinsa. Da ƙasar ta juya wa kwal baya ta koma neman wuta daga iska, fankoki suka cika gaɓar teku, Ejnar ya zama shugaban ƙungiyar ƙauyensu da ta haɗa hannu don kafa tata. Shi ya nuna tudun, ya ce nan iska ta fi ƙarfi. Vibeke ta roƙe shi a matsa gefe kaɗan. Ya ce da ita, "Ke har yanzu tatsuniyar kakarki kike bi?" Aka kawo motar haƙa, aka baje tudun, aka zuba kankare.

Daga wannan Talatar, duk almuru sai an yi jifa. Daga baya aka fara jin kuka daga ƙarƙashin daɓe, siriri, irin na jaririn da ya gaji. Solvej ta daina waƙa. Ta koma zama a lungu, hannuwanta toshe da kunnuwanta. Wata magariba Vibeke ta same ta durƙushe a gindin fankar tana tonon kankare da farce, yatsunta duk jini. Likitocin birni suka duba ta, ba su ga komai ba.

Ejnar ya ce rigima ce irin ta 'yan mata. Ya kulle ta a ɗaki, ya zuba mabuɗin a aljihu, ya ce kada maganar ta fita, domin ƙungiya na shirin kafa fanka ta biyu.

Vibeke ta jira ya tafi taro, ta ɗauki mota ta ɗauko Fasto Asger, wani tsohon limamin coci da ya ajiye aiki, wanda aka san ya karanci tsoffin littattafai a kan mutanen ɓoye. Ejnar ya dawo ya tarar da shi zaune yana shan gahawa.

"Fasto, an kawo ka kallon mahaukaciya?"

"Buɗe ɗakin, Ejnar," in ji tsohon. "Rana ta kusa faɗuwa."

Suka shiga. Asger ya zauna gaban Solvej, ya ɗora hannu a kanta, ya yi ta karatu a hankali. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka. Gidan ya yi tsit, ban da gurnanin fankar daga nesa. Can Solvej ta ɗago. Idanunta ne, amma muryar ta wata tsohuwa ce.

"Ka cire hannunka. Yana ƙuna."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan da aka rushe. Muna ciki kafin a haifi wanda ya haifi kakan wannan."

"Yarinyar ba ta yi miki komai ba."

"Nawa 'ya'yan me suka yi? Ɗaya yana ƙarƙashin kankare. Sauran, ƙarar abin nan ta fasa musu kunne. Ina kiran su, ba sa juyowa."

Asger ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Muryar ta ce za ta fita, amma ba hannu banza ba. A tsayar da fankar, a cire ta daga kan ɗanta.

Vibeke ta juya ta dubi mijinta. Ejnar ya ce fankar ba tasa ba ce shi kaɗai, asibiti da makaranta duk da ita suke ganin haske. Ya ce me zai gaya wa mutane, cewa aljana ce ta ba shi umarni?

"To a ba ni kunnuwa biyu," in ji muryar. "Naka ko nata."

"Ɗauki nawa," Vibeke ta ce, tana rarrafowa. "Don Allah ɗauki nawa."

"Ba ke kika nuna tudun ba."

Asger ya ce, "Ejnar, iyakar abin da na iya ke nan. Ka ba ta amsa."

Ejnar ya tsaya jikin ƙofa yana murza hularsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi taga. Da ya buɗe baki, muryarsa a sanyaye take.

"Ni ina da aiki, ina da taro da mutane. Ita yarinya ce. Za ta saba."

Muryar ta yi 'yar dariya. "Tana jin ka. Na bar mata wannan ya zama abu na ƙarshe da za ta ji."

Solvej ta sulale ƙasa. Vibeke ta rungume ta tana kiran sunanta. Yarinyar ta buɗe ido, ta kafe leɓunan uwarta da kallo, ba ta amsa ba.

Ba a sake jifa ba. Aka kafa fanka ta biyu, aka yi bikin buɗewa, Ejnar ya yi jawabi aka tafa masa. Vibeke ta kwashe kayanta ta koma ɗakin 'yarta. Ta ci gaba da dafa masa abinci, amma har ta mutu ba ta ƙara zama ci tare da shi ba. Solvej ta koyi karanta leɓe, ta tafi birni, ta zama maɗinkiya.

Bayan shekaru masu yawa, ɓarin jikin Ejnar ya shanye. Ba wanda ya rage masa sai Solvej. Ta zo ta sa aka kai shi gidan tsofaffi, wani ɗaki ƙarami mai kallon bango. Da ta tashi tafiya, ya kama gefen rigarta da hannunsa mai rai, hawaye na gangarowa, bakinsa a karkace. Ta sunkuya ta karanta abin da yake faɗa. Kada ta bar shi a nan, ba ya iya zaman wurin.

Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta gyara masa bargo. Sannan ta ce, da muryar nan tata mai ƙarfi wadda ita ba ta ji, "Za ka saba, Baba."

Ta ja ƙofar. In ma ya kira ta, ba ta sani ba.