Gorar da Aka Zare daga Rufin Don Evelio

Kafin Sufeto Tibaduiza ya iso unguwar, an riga an zaro gawar Don Evelio daga ƙarƙashin sabon rufin kankaren gidansa. Marigayin ya shiga ne ya ɗan kishingiɗa bayan abincin rana, rufin ya rufto masa.

Maƙwabta sun taru a ƙofar Aristóbulo, maginin da ya zuba rufin, wasu riƙe da duwatsu. Kofur ɗaya ne kawai tsakaninsu da ƙofar.

"Toka ya zuba mana!" wata mata ta ɗaga murya. "Tokar tashar lantarki! Gobe kan 'ya'yanmu ne!"

Rabin gidajen layin aikin Aristóbulo ne. Sufeto ya san idan bai samo amsa kafin yamma ba, wata gawar zai ɗauka.

Ya shiga ɓaraguzan yana dubawa. Gorar da ake tokare sabon rufi da ita tana nan a gefe da gefe. A tsakiya babu ko ɗaya, sai zagayayyun shaidunta a ƙasa.

Ya koma gidan maginin, ya same shi a kicin.

"Da gaske ka rage siminti ka sa toka?"

"Na sa, yallaɓai, kuma kowa ya sani. Kankaren toka ba ya son gaggawa. Farkonsa rauni, amma bayan 'yan watanni ya fi na zallar siminti ƙarfi, ruwa ma ba ya ratsa shi. Ga guduma, daki rufin nan nawa."

Sufeto ya daka. Gudumar ta yi tsalle, kafaɗarsa ta amsa.

"Na Evelio fa?"

"Ko mako biyu bai yi ba. Ranar zubi, ana cin abincin ma'aikata a gaban tukunyar miya, na ce kada a taɓa gora sai wata ya cika."

"Wa ya ji?"

"Kowa. Shi Don Belisario har dariya ya yi."

Belisario tsohon magini ne, shi ya gina unguwar kafin a daina kiransa. Shi ne kuma ubangidan baftismar ɗan marigayin. Sufeto ya same shi a farfajiyar baya ta gidan makoki, lulluɓe da bargon ulu, yana iza wutar kofi ga masu gaisuwa.

"Sannu da rashi, Don Belisario."

"Sannu, ranka ya daɗe. Na faɗa musu, toka sai murhu. Yaron nan ko kejin kaji ba zan ba shi ya gina ba."

"Yaushe rabonka da shiga ginin?"

"Tun ranar zubi."

Wani abu ya fashe a cikin wutar kamar bindiga, mata suka zabura. Sufeto ya kalli tulin itacen da ke jikin bango, ba a taɓa shi ba.

"Ga itace busasshe, ka tsaya ƙona gora?"

"Tsofaffi ne, na aikina."

Sufeto ya jawo guda da ƙafa. Kanta na ɗauke da busasshen kankare mai duhu.

"Kai da zallar siminti kake aiki, ko? Naka haske gare shi. Wannan mai duhun, mutum ɗaya ke kwaɓa shi a unguwar nan, kuma ka ce ba ka shiga ba."

Matar marigayin, Doña Herminda, ta fito da kofuna ta tsaya.

"Tsagewa kawai nake so rufin ya yi," Belisario ya ce a hankali. "Tsaga ɗaya, mutane su gani, su dawo wurina. Na san in ya cika wata ba abin da zai same shi. Shi ya sa na yi sauri."

"Ashe ka san aikin mai kyau ne."

"Na sani. Ban san Evelio na kwanciya a ciki ba. Na rantse."

Sufeto ya yarda da rantsuwar. Mutumin bai nufi kisa ba, amma ya zauna yana dafa kofi alhali ana tara wa wani duwatsu saboda laifinsa.

Ya ciro ankwa.

"Ta ƙofar baya, don Allah," in ji Belisario.

"A'a," Doña Herminda ta ce, ta ajiye kofunan. "Ta gaba. Ka bi da shi ta ƙofar Aristóbulo, Sufeto, su gani."

Haka aka yi. Suna tafe, duwatsu na faɗuwa daga hannaye ɗaya bayan ɗaya.