Tabarma a But ɗin Muntari

Sufeto Shu'aibu ya iso masana'antar fata da ke Sharada da hantsi, a gajiye liƙis. An taso shi daga ofishin 'yan sanda na Bompai ba don kisa ba, ba don fashi ba, sai don kayan kiɗa.

Muntari, ɗan mai masana'antar, yana tsaye jikin sabuwar Fijo yana huci. A gindin bango kuwa ga Isyaku maigadi, mutumin Damagaram, tsugune da ankwa a hannu. Wani kurtun ɗan sanda ya riga ya yanke masa hukunci.

"Yallabai, daga Legas na sayo su," in ji Muntari. "Amfilifaya da babbar lasifika mai rugugi, akwatinta ya cika but ɗin nan taf. Har na shirya ƙara wasu a ƙofofi. Da safen nan na buɗe, wayam. Na kulle, na riƙe makulli har kuka zo."

"Wa ke da wani makullin?"

"Direbana, Baba Gwadabe. Amma shi ya goya ni ina yaro. Wancan ne ɓarawon, a kai shi gidan yari."

Sufeto ya duba kubar but ɗin. Ba a fasa ba. Ya buɗe, ya sunkuya duk da bayansa na ciwo. Ba a yanke wayoyin ba, kwance su aka yi, aka naɗe bakin kowace da tef don kada mota ta kama wuta. Bai taɓa ganin ɓarawo mai tausayin mota haka ba.

A kusurwa ga tabarmar salla a naɗe, da buta, da galan na ruwan lagireto.

"Waɗannan fa?"

Muntari ya yatsina fuska. "Tarkacen Baba ne. Ranar da aka ɗaura akwatin na sa aka watsar da su sito, babu wuri."

Aka kira Gwadabe. Dattijo ne siriri, sai ya karkato kunnen hagu kafin ya ji magana.

"Baba, yaushe rabonku da buɗe but ɗin nan?"

"Tun da aka sa kayan, ranka ya daɗe. Me zan nema a ciki?"

Sufeto ya ɗauko butar, ya karkata ta. Ruwa ya zubo a ƙasa.

"To wa ya mayar da tabarmarku inda ta saba zama? Isyaku?"

Gwadabe ya dubi butar, ya dubi maigadin da ke tsugune. Kafaɗunsa suka sauka.

"Ku kwance shi. Kayan suna sito, ƙarƙashin buhunan gishiri. Da na ga wurin ya buɗe, hannuna ne kawai ya mayar da tabarmar."

"Baba!" in ji Muntari. "Kai?"

"Da kunne nake tuƙi, Muntari. Tun da ka sa abin nan ba na jin inji, ba na jin oda. Ranar Talata a mararrabar jirgin ƙasa ban ji jirgin ba, sai ganinsa na yi. Kai kana baya kana kaɗa kai. Na roƙe ka ka rage, ka ce na tsufa. Da me zan kalli mahaifinka in na kai masa gawarka?"

Muntari ya kawar da kai. "Sata sata ce. A tafi da shi."

Abin ya yi wa Sufeto ciwo, amma mai ƙara ya ƙi janyewa. Aka cire wa Isyaku ankwa. Sufeto ya hana a sa wa dattijon, ya miƙa masa tabarmarsa.

A hanyar Bompai, cikin motar 'yan sanda, kurtun ya kai hannu zai kunna rediyo. Sufeto ya waiwaya, ya ga Gwadabe ya lumshe ido, ya karkato kunnen hagu yana sauraron inji.

"Bar shi a kashe," in ji Sufeto.