Goron Gwanja a Rumbun Badaru

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Badaru... me ka yi wa goron nan?"

Batulu ce ta faɗi haka, tana durƙushe a zauren gidansu a Birnin Kudu, hannunta cikin jakar kabar da saurayinta ya ɗauko tun daga ƙasar Gwaram. Ta ɗebo guda biyu ta gwara su.

Ƙwas!

Sai ka ce tsakuwa ta haɗu da tsakuwa.

Badaru kuwa sai washe baki yake yi, yana jiran yabo.

"Adana shi na yi, abar ƙaunata. Tun farkon damina da na sayo shi a Kano na ce wannan goron ɗaurin aurenmu ne, ko ƙwaro ɗaya ba zai taɓa shi ba. Duk ranar da gari ya buɗe sai na baza shi a kan dutse, har ya bushe ƙamas. Na barbaɗe shi da toka, na sa shi can cikin rumbu kusa da irin wake."

"Ka shanya shi..."

"Sosai ma."

"Goron?"

"Eh mana. Ai abin da bai bushe ba ruɓewa yake yi."

Batulu ta dube shi, ta dubi jakar. Dariya ta taso mata, kuka ma ya taso, suka yi karo a maƙogwaro. Kukan ne ya yi nasara.

Kada a ga laifin Badaru da yawa. Manomi ne ɗan manomi daga Farin Dutse, kuma a gidansu duk abin da ake ji da shi busar da shi ake yi: gero, dawa, kuɓewa, barkono. Ita kuwa Batulu 'yar Alhaji Salihu mai goro ce. Tun ba ta kai tsawon huhu ba ta san goro lallaɓa shi ake yi kamar jariri, a lulluɓe shi da ɗanyen ganye, a yayyafa masa ruwa, a riƙa buɗewa ana tsince wanda sankara ta kama. Ita ce ma idon mahaifinta a wannan aikin.

Abin da ya sa ta kuka kuwa, kakarta ce, Iya Kubra, mahaifiyar Alhaji. Uban Iya falke ne na zamanin jakuna, a hanyar Gwanja, can ƙasar Gana ta yanzu, ya yi rayuwarsa, a hanyar kuma ya rasu. Don haka tsohuwar ta rantse ba za a ɗaura auren 'yar gidan nan da goron da ba na Gwanja ba tana numfashi. Goron Shagamu, wanda ake nomawa a ƙasar Yarabawa, ko zaure ba ta yarda a shigo da shi ba.

A da wannan rantsuwa ba ta da nauyi. Kuɗi ɗaya ake kashewa daga Kano har Kumasi. Kwabon nan mai huji da za ka sayi ƙosai da shi a Birnin Kudu, shi za ka miƙa a can a karɓa. Goro ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, mota ta sauke shi a rumfar Alhaji Salihu ganyensa bai ko yi yaushi ba. Sai ga shi a wannan shekarar Gana, da 'yancin kai ya yi mata daɗi, ta fice daga haɗakar ta buga kuɗinta na kanta. Fatake suka shiga neman canji da neman izini, kaya suka riƙa kwana a bakin teku, goron Gwanja ya yi ɓatan dabo. Attajirin da a da yake miƙa wa baƙo goro guda, yanzu sai ya ɓara ya ba shi rabi yana kallon gefe.

A rumfar Alhaji kuwa ciniki ya tafi, gardama ta zauna. Wasu su ce ga irin abin da 'yancin kai yake jawowa, mu ma mu yi hattara. Wasu su ce Gana ta yi daidai, ƙasar da ba ta da kuɗinta ai har yanzu a hannun Bature take. Su sha ruwan randarsa, su tashi ba wanda ya sayi ko na anini.

"Ki daina kuka, farin cikina," in ji Badaru. Yanzu ya gane ɓarnar da ya yi. "Gobe zan koma Kano. Ina da sauran tunkiya."

"Ko garke za ka sayar babu shi a Kano. Naka yana cikin kayan ƙarshe da suka iso lafiya."

Ya zauna daɓas a kan dakali.

"Ga Bappa, wan babana, ya ce in aka gama sussuka ba a ɗaura ba, 'yar gida za su nema min. Da ma cewa suke yi 'yar mai goro ba ta san turmi ba."

"Ni ce ban san turmi ba?"

"Ni ban ce ba! Wallahi ni ko tsaki kika daka min zan ce gari ne."

Ta harare shi cikin hawaye, dariyar da ta sha kaye ɗazu ta samu hanya ta fito.

"Kai dai Allah ya shirye ka, Sarkin Noma. Bar min jakar."

Ta yi duk abin da ta sani. Ta jiƙa shi a ƙwarya, ta naɗe shi a ɗanyen ganye, ta kai shi gindin randa inda ya fi ko'ina sanyi. Goron Badaru ya ƙi jin lallashi. Yadda rana ta bar shi haka ya zauna, baƙi-baƙi, a murtuke.

Akwai wata hanya, kuma ta daɗe tana yi mata yawo a zuciya. Idon Iya ya yi rauni. Batulu ta san dillalin da yake da na Shagamu, ta kuma iya zaɓen manya jajaye waɗanda ko ɗan kasuwa sai ya duba sau biyu. Amma duk lokacin da ta tuna hannun da ya yi mata kitso tun tana goye, sai ta ji kunya ta rufe ta. Tana son Badaru kamar ranta, sai dai ba za ta shiga ɗakinsa ta kan yaudarar tsohuwa ba.

Ana cikin haka Hadi ya ji labari. Hadi ɗan wani babban dillalin goro ne na Kano, mai agogo da takalmi sau-ciki, wanda Batulu ta sallama tun bara amma kunnensa bai ɗauka ba. Ya san ba mai yi mata dole a gidan nan. Lissafinsa shi ne, in auren Badaru ya rushe, Alhaji kuma yana neman mai ba shi kaya, wata rana za a gaji a dube shi.

Ranar da mutanen Gwaram za su kawo goro Iya ta gani, da hantsi, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauke huhu guda, ganyensa kore shar.

Aka shimfiɗa wa Iya tabarma a zaure. Alhaji Salihu yana gefenta, Bappa da Badaru suna rakuɓe a jikin bango, Hadi ya durƙusa a gaba yana ƙamshin turare.

"Iya, na ji an ce kina marmarin na Gwanja. Wasu sai su yi alkawari, mu kuwa sai mu kawo."

"Madalla," in ji Iya. "A kira min Batulu ta buɗe."

Batulu ta fito lulluɓe da mayafi. Ta kwance igiya, ta ɗaga ganye. Manya ne jajaye, suna sheƙi. Amma wani wari-wari ya bugi hancinta daga ƙasa.

"A ɗebar wa Iya na saman nan ta taɓa," in ji Hadi da sauri.

Batulu ba ta dube shi ba, mahaifinta ta duba.

"Baba, a gidan nan mun taɓa karɓar huhu ba mu juye shi ba?"

"Ba mu taɓa ba. Juye."

"Ai ba sai an..." Hadi ya fara.

Ta riga ta kifar.

Subhanallahi! Na saman kaɗai ne lafiyayye, shi ma Alhaji yana ɗauka ya ce na Shagamu ne. Na ƙasan kuwa na Gwanja ne na gaske, amma ya yi baƙi ya narke, tsutsa na wasa a ciki. Bappa ya toshe hanci da bakin rawani.

"Alhaji, wallahi ba laifina ba ne!" Hadi ya shiga share gumi. "A bakin teku ya maƙale ana rigimar canji..."

"Na sani, ɗana, ni ma nawa ya maƙale," in ji Alhaji a hankali. "Ba ruɓewar ce ta ɓata min rai ba. Mahaifiyata ka lulluɓe wa shi."

Hadi ya nemi takalminsa, bai ko tsaya ɗaukar igiyar huhunsa ba.

"To," Iya ta gyara zama. "Ina na mutanen Gwaram?"

Badaru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Batulu ta ɗauko jakar kaba ta zazzage a faifai.

Ƙwararar!

"Batulu, tsakuwa kika zubo min?"

"Goro ne, Iya. Na Gwanja. Tunkiyarsa ya sayar ya saya, don tsoron kada ya lalace ya shanya shi a rana ya sa a rumbu. Na yi iyakar yina ya ƙi dawowa. Gaskiyar ke nan, ba ni da wata."

Alhaji ya yi ta maza, ya yi ta maza, sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Bappa ya sunkuyar da kai yana cewa, "Ni ma na taya shi barbaɗa tokar."

Iya ba ta yi dariya ba. Ta laluba ta ɗauki guda, ta juya shi a tafinta, ta kai hanci.

"Ɗauko min magogina."

Da yake haƙora sun daɗe da yi mata sallama, da ɗan magogin gwangwani take cin goro. Batulu ta durƙusa ta goga, da ƙyar garin yake fita. Ta zuba mata a tafi. Iya ta lasa.

Kowa ya zuba mata ido.

Sai hawaye suka gangaro kan kumatun tsohuwar.

"Iya!" Batulu ta riƙe ta. "Ki yafe mana..."

"Yi min shiru, ja'ira." Ta sake lasa. "Salihu, kai ba ka san wannan ba, a zamanin jirgi ka tashi. In Babana ya dawo daga Gwanja bayan shekara, ɗanyen na kasuwa ne, ba ma ko taɓawa. Wanda ya bushe a hanya shi yake ƙullowa a aljihun rigarsa, ya ce, 'Kubra, ga naki.' Innata ta daka mana a turmi. Rabona da ɗanɗanon nan tun tafiyar da ya yi bai dawo ba."

Ta juya wajen da take jin numfashin Badaru.

"Kai, matso nan, shashasha. Kai ne ka kawo min tsarabar Babana?"

"Ni ne, Iya... amma wallahi ban san na yi ba."

"Na sani. Da ka sani ai da ka ɓata shi." Ta janyo faifan jikinta ta rufe da gefen zane. "Rantsuwata ta cika, wannan na Gwanja ne, ni ce shaida. Sai dai ko guda ba zan bayar ba. Salihu, ka sayo na Shagamun nan ka raba wa masu haƙora a ɗaura aure. Ka cika rumfarka ma da shi, na gaji da jin ka kana juyi a kan tabarma ba ciniki."

Wata guɗa ta tashi daga bayan ƙyaure, inda ashe matan gidan suke laɓe tun ɗazu. Batulu ta ruga cikin gida fuska a rufe, daɗi kamar ya kashe ta.

Kafin a gama sussuka aka ɗaura. Goron Shagamu ya zaga Birnin Kudu da Gwaram, 'yan gardamar rumfa suka ci suka ce ashe na gida ma goro ne. Ko da aka fara raɗe-raɗin Nijeriya ma za ta buga nata kuɗin, sai suka ɗora sabuwar gardama, amma wannan karon da jan baki suke yin ta, kuma suna saya.

Bayan an watse biki a Farin Dutse, amarya ta ɗauki turmi ta fito tsakar gida da rana tsaka, don ta nuna wa dangin miji abin da suka ce ba ta sani ba. Ta ɗaga taɓarya ke nan sai ta ji inuwa a kanta. Ta waiga.

Badaru ne tsaye a bayanta, ya miƙa hannu biyu ya tare mata rana da faifai.

"Sarkin Noma, mene ne haka? Mutane na kallo!"

"Su kalla, hasken idona. Na yi wa Iya alkawari. Abin da ya fito daga gidan Alhaji Salihu, ba zan sake barin rana ta taɓa shi ba."

Batulu ta saki taɓaryar, ta dafa turmi tana dariya har da hawaye. Ranar dai sai ƙanwar Bappa ce ta ƙarasa dakan.