Bugu Uku Bayan Azahar

Tun da suka sauko daga mota ita da Umma, Yaya Babba take yatsina fuska, har aka zauna a falo ba ta daina ba. Ta ɗaga labule ta leƙa titi, ta sake shi.

"Auta, wai nan ne garin da kike ta yabo a waya? Daga tasha har ƙofar gidanki ban ji hon ɗin mota ko ɗaya ba! Ni na ɗauka rasuwa aka yi."

Auta ta yi dariya tana ajiye musu ruwa. Ita ce ƙarama a wajen Umma, Yaya Babba ce ta fari, kuma wata huɗu ke nan da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki daga babban birni zuwa nan. Injiniya ne a ma'aikatar ruwa, da Injiniya kowa ke kiransa, har ita. Garin ya fi ƙarfin a ce masa ƙauye, bai kuma kai birnin da ake tinƙaho da shi ba: kasuwa ɗaya, asibiti biyu, masaƙa guda da rabin mutanen gari ke aiki a cikinta, sai layuka masu faɗi da itatuwa suka yi wa rumfa.

"Yaya, ki huta tukuna mana. Famfonmu ba ya ɗaukewa, iska ba hayaƙi, Injiniya da ƙafa yake zuwa ofis ya dawo mu ci abincin rana tare. A can fa? Mako guda sai in yi ban gan shi da hasken rana ba."

"To ina za ki je yawon buɗe ido? Ina manyan kantuna? Netwok ɗin ma sai na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa!"

Umma dai Auta kawai take kallo. Dukkansu sun san dalilin da ya sa Injiniya ya karɓi canjin nan hannu bibbiyu, amma ba mai son tayar da maganar. Bara, ciwon ciki ya kama Auta, suka maƙale cikin go-silo awa biyu a hanyar asibiti, cikin wata biyar ya zube a bayan tasi.

Injiniya ya shigo, ya durƙusa ya gaida Umma, ya ci abinci ya koma aiki. Aka yi sallar azahar. Unguwa ta ƙara yin tsit, irin shirun da mutum ke jin tafiyar agogon bango a cikinsa. Auta ta fara satar kallon agogon. Akwai abin da ta ɓoye wa kowa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Bugu uku a get, a hankali, ba gaggawa.

"Kin yi baƙi," in ji Umma.

Auta ta tsaya ƙiƙam. Yaya Babba ce ta ja tsaki ta fita tana jan silifas. Suka ji ƙarar sakata, sai shiru. Da ta dawo fuskarta ta sauya.

"Umma, ba kowa! Na duba dama na duba hagu, layin fayau, ko kaza babu. Duk ƙofofi a rufe."

Umma ta juyo. "Auta, tun yaushe?"

"Mako uku ke nan," in ji Auta. "Kullum bayan azahar. Da na taho buɗewa sai in tarar ba kowa."

"Innalillahi! Mako uku kina kwana kina tashi da wannan, kina ce min lafiya lau? Tashi ki haɗa kayanki!"

Da la'asar Injiniya ya dawo ya tarar da akwati a tsakiyar falo, matarsa na kuka. Ya saurari Umma har ta gama, kansa a ƙasa. Abin ya yi masa ciwo da Auta ba ta taɓa gaya masa ba, amma bai nuna ba.

"Umma, ki yi haƙuri, ki ba ni lokaci in bincika. Wataƙila wani ne ke wasa."

"Wasa? Garin da rana tsaka ba ka ganin ɗan Adam? Ka nemi tiransifa ka dawo inda mutane suke, ko kuwa in tafi da ɗiyata ka zauna kai da aljanunka. Ban haife ta don in kawo ta kufai ba!"

"Umma, ba a ba da tiransifa sai an shekara biyu. In na bar aikin kuma..."

"Wannan matsalarka ce!"

Auta ta rarrafo ta dafa ƙafar Umma. "Umma, ciki ne da ni, wata uku. Ba wanda ya sani sai shi. Wallahi ina tsoron bugun nan, amma na fi tsoron waccan hanyar asibitin. Ki ba ni kwana ɗaya tak."

Idon Umma ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta sauko ba. "Ciki? To yanzu ma na ƙara samun dalili. Gobe da yamma za mu tafi, da ke."

Washegari bayan azahar Auta ta cire takalmi, ta lallaɓa ta tsaya jikin get, ta zare sakata tun kafin lokaci. Ba motsi a layin sai ganyen da ke faɗowa ɗaya-ɗaya. Can ta ji numfashi a ɗaya gefen ƙarfen, dab da kunnenta.

Ƙwas. Ƙwas...

Ta fizge ƙofar.

Tsohuwa ce 'yar firit, cikin farin mayafi, ƙafarta ba takalmi, hannunta a sama bai ƙarasa bugu na uku ba. Idanunta sun yi fari-fari kamar an zuba musu madara. Ba ta dubi fuskar Auta ba, cikinta ta ƙura wa ido, ta yi murmushi.

"Yana nan lafiya," ta ce. "Ki rage ɗaukar bokiti."

Ta juya ta shige wani siririn lungu da ke bayan itacen ƙofar gidan, wanda Auta ba ta taɓa lura da shi ba. Tsigar jikinta ta tashi, amma ƙafafunta suka bi tsohuwar. Lungun ya ɓulle da su wani layi, shi ma shiru. Tsohuwar ta wuce gida shida ba ta tsaya ba, ta tsaya a na bakwai, ta buga sau uku, ta kara kunne. Da aka ji takun mutum daga ciki sai ta gyaɗa kai ta yi gaba. A ƙarshen layi ta shiga wani gida mai shuɗiyar ƙofa.

Wata mata da ke shanya a tsakar gidan ta ga Auta tsaye ba takalmi, tana haki, sai ta saki zanen da ke hannunta.

"Wayyo, ke ce matar Injiniya! Iya ta tsorata ki ko? Laifinmu ne, mun ɗauka an gaya miki."

Surukar tsohuwar ce. Ta ba Auta kujera, ta ba ta labari. Shekara arba'in Iya ta yi tana karɓar haihuwa a garin nan, rabin waɗanda ke aiki a masaƙa a hannunta suka faɗo. Yanzu tsufa ya taɓa ta, ko sunan ɗanta ba ta riƙewa. Abu ɗaya ne bai bar ta ba: zagayen masu ciki. Takan buga, in ta ji takun matar gida ta san lafiya, sai ta wuce. Mutanen unguwa duk sun sani. Da rana maza na masaƙa, mata na hutawa, shi ya sa layin ke zama haka, amma ta tagogi ana lura da ita har ta dawo gida.

"Amma wa ya gaya mata ina da ciki? Ko mahaifiyata sai jiya ta ji."

Matar ta dubi ɗakin da Iya ta shiga. "Ba wanda ke gaya mata. Mu ma daga ƙofar da ta fara bugawa muke ganewa."

Auta ta koma gida ta zayyana wa Umma komai. Maimakon hankalin Umma ya kwanta, sai ya ƙara tashi.

"Tsohuwar da ke ganin abin da ke cikin mutum? Shi ne za ki zauna? Ɗauko mayafinki!"

Auta ta durƙusa, hawaye na zuba. "Umma, ban taɓa yi miki musu ba. Amma mijina bai yi min laifin komai ba, don ni ya baro kowa nasa ya zo nan. Ki yafe min, ba zan iya tafiya in bar shi ba."

Umma ta tafi ko sallama ba ta yi musu ba. Wata biyar ba ta ɗaga wayar Auta ba. Kullum da safe Auta sai ta kira, ta ji tana ringin har ta katse, ta rubuta saƙon gaisuwa ta ajiye wayar. In kuka ya ci ƙarfinta, Injiniya kan zauna gefenta ya ce, "Ki ci gaba da kira. Fushin tsoro ne, ba na ƙiyayya ba." Shi ma duk ƙarshen wata sai ya je ya gaishe ta, ko da daga bakin ƙofa za ta amsa.

Cikin na wata takwas, ranar da aka tura Injiniya duba madatsar ruwa a bayan gari, jiri ya ɗebi Auta a banɗaki ta faɗi. Tana jin jini na bin ƙafarta, wayarta na falo, murya ta ƙi fita. Daga nesa, kamar a mafarki, ta ji bugun nan uku. Ta yi ƙoƙarin motsawa ta kasa.

Shiru. Sai bugun ya dawo, wannan karon ba iyaka, da hannu biyu, tare da ihun Iya mai ratsa ƙashi: "Ba ta taka ba! Ba ta taka ba!"

Ƙofofin da Auta ta saba gani a rufe suka buɗe lokaci guda. Wani tela maƙwabcinsu ya haura katanga, matar mai kanti ta naɗe ta da zane, direban masaƙa da ke hutu ya tayar da mota. Kafin Injiniya ya iso an riga an shiga da ita tiyata, mata uku kuma sun ba da jini.

Da Auta ta farfaɗo, sai ta ga Umma zaune a gefen gado, rungume da 'yar mitsitsiyar jaririya, fuskarta sharkaf da hawaye. Ɗakin cike da matan layin, wannan ta kawo fulas, waccan ta wanke kaya.

"Auta, ki yafe min," in ji Umma. "Na zo na duba tituna na yanke wa gari hukunci, ban tambayi su wa ke bayan ƙofofin ba. Shekara talatin ina birni, maƙwabciyata ta jikin bango ban san sunan 'ya'yanta ba." Ta juya wajen Injiniya da ke tsaye a bakin ƙofa. "Kai kuma, ɗana, shigo ka zauna. Ka riƙe min amana lokacin da ni na sake ta."

Injiniya ya sunkuyar da kai, ya shigo ya zauna.

Haka Allah ya saka wa Auta. Ba ta bar mijinta don tsoro ba, ba ta kuma yanke mahaifiyarta don fushi ba, ta yi haƙuri da duka biyun har gaskiya ta fito da kanta. Mai neman wurin zama kuwa, in ya gama duba ruwa da hanya da asibiti, ya tsaya ya tambayi abu ɗaya: ranar da na faɗi ban iya kira ba, akwai wanda zai lura a garin nan?